Mako Guda a Haidarabad: Yadda Wani Kamfanin Shirya Tafiye-tafiye na Abuja Ya Yi da Mu

A wajen mutanenmu, idan aka ji wani ya ce zai tafi Indiya, tambayar da ake fara yi masa ita ce, "Wane ne ba shi da lafiya?" Da irin wannan tunanin ma'aikaciyar kamfanin da na je a Wuse 2 ta tarbe ni, domin tun kafin in gyara zama ta jawo takardar da ake cikewa don neman bizar asibiti. Da na shaida mata cewa lafiyarmu ƙalau, ziyara kawai za mu je ni da mai ɗakina da mahaifina, sai ta mayar da ita cikin aljihun tebur, ta ɗauko wata mai hotuna wadda aka tsara birane 3 a cikin kwana 7, wato Delhi da Agra da Jaipur. Na ce mata birni ɗaya nake so, Haidarabad, kuma mako guda cur. Ta dube ni ta ce, "Ranka ya daɗe, me za ku yi a gari ɗaya har kwana bakwai?" A lokacin na ɗauki tambayar a matsayin kulawa, sai daga baya na fahimci cewa tana nuna iyakar abin da kamfanin ya sani, kuma a kan wannan iyakar ne kusan duk abin da zan faɗa ya rataya.

Dalilin zaɓen garin yana wajen Baba. Malamin Larabci ne da ya yi ritaya, kuma tun ina yaro nake ganin wasu manyan littattafai a ɗakinsa waɗanda takardunsu suka yi ja saboda tsufa, a shafin farko an rubuta cewa an buga su a Haidarabad ta ƙasar Dakan. Aikin wata cibiya ce mai suna Da'iratul Ma'arifil Usmaniyya, wadda aka kafa a 1888 domin tattara tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci a tace su a buga, kuma daga cikin abin da ta fitar akwai Sunanul Kubra ta Imam Baihaƙi a mujalladi 10, wadda Baba ya yi shekaru yana koyarwa daga cikinta. Ya sha gaya mini cewa ba ya son ya bar duniya bai ga garin da ya yi wa ilimi wannan hidima ba. Ita kuwa mai ɗakina sana'arta dafa abincin biki a Gwarinpa da kewaye, kuma ta daɗe tana son ta ga yadda masu biriyani suke yin abinsu a gidansu, ba a bidiyo ba. Buƙatu biyu ke nan na kai wa kamfanin, littafi da tukunya, na kuma faɗa musu ƙarara cewa Baba ya haura shekara 70, gwiwoyinsa ba su son matakala, kuma yana da ciwon suga.

A fannin takardu ba ni da abin cewa sai yabo. Su suka cike mana fom ɗin biza, suka jera mini abin da zan kawo, da wasiƙar wurin aiki da bayanan asusun banki da shaidar masauki, suka duba kowace takarda kafin mu je ofishin jakadancin Indiya da ke nan Abuja, har ba a mayar da mu don gyara ko da harafi ɗaya ba. Babban abin da nake gode musu a kai shi ne katin rigakafin cutar shawara. Na Baba ya ɓata tun bayan aikin hajjinsa, shi kuma ya ce ba ya ganin za a tsananta. Ma'aikaciyar ta kira shi da kanta ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, wannan kam babu sassauci, duk wanda ya fito daga Najeriya ba tare da katin ba suna iya killace shi har kwana 6, kuma allurar ba ta fara aiki a wajensu sai ta yi kwana 10." Ya je aka yi masa, kuma da muka sauka katin na daga cikin abin da aka fara tambayar mu. Su ne kuma suka ba ni shawarar in sayi dala a Zone 4, in tabbatar sababbin takardu ne marasa yagewa, in canza kaɗan zuwa rupi a filin jirgi, sauran in bari sai cikin gari. Sun nema wa Baba keken guragu a Doha inda muka canza jirgi, sun tunatar da mu cewa Indiya tana gaban Najeriya da awa 4 da rabi domin ya daidaita lokacin shan maganinsa. Da muka sauka a filin jirgin Rajiv Gandhi da ke Shamshabad cikin tsakar dare, direba yana tsaye da allo mai ɗauke da sunana.

Matsala ta fara ne daga masauki. Haidarabad, babban birnin jihar Telangana, kusan gari biyu ne a haɗe. Akwai tsohon gari a kudancin kogin Musi, inda masallatai da fadoji da kasuwanni suke, akwai kuma sabon gari can yamma, wajen HITEC City da Gachibowli, inda manyan kamfanonin kwamfuta irin su Microsoft da Google da Amazon suka kafa dogayen gine-ginen gilashi. A sabon garin aka sauke mu. Otal ɗin tsaf yake, ma'aikatansa masu ladabi, amma an gina shi ne don injiniyan da ya zo taro, ba don dattijon da ya zo ganin masallaci ba. Kamar a ce baƙo ya zo ganin fadar Sarkin Zazzau a sauke shi a Kaduna. A ranar farko mun shafe fiye da awa guda a cunkoso kafin mu hango Charminar, sanannen ginin da ke tsakiyar tsohon gari, muka sake shafe irinta a dawowa, Baba ya iso ɗaki ƙafafunsa a kumbure. Na aika wa kamfanin saƙo ta WhatsApp a daren, kuma a nan dole in yi musu adalci, ba su yi gardama ba, ba su kuma ce in jira gari ya waye ba. A rana ta uku suka mayar da mu wani masauki a Lakdikapul, wanda bai kai na farko ƙawa ba amma yana tsakiyar gari, kusa da tashar jirgin ƙasa na cikin birni, kuma keke mai ƙafa uku, ruwan ɗorawa irin a-daidaita-sahun Kano, yana kai mutum tsohon gari ba tare da wahala ba. Kwana biyu daga cikin bakwai ba ƙaramar asara ba ce, kuma tambaya ɗaya tak ga wanda ya san garin da ta hana ta.

Abin da ya ceci tafiyar shi ne jagoran da abokan hulɗarsu na can suka haɗa mu da shi, wani magidanci ɗan tsohon gari mai jin Turanci da Urdu da Telugu, da Larabci daidai gwargwado, wanda tun haɗuwar farko ya riƙa kiran Baba Maulana. Da ya karanta jadawalin da aka ba mu daga Abuja, ya ga an sa ganuwar Golkonda da tsakar rana, sai ya nemi izini ya mayar da ita safiya. Ko a watan Janairu, lokacin da garin yake da sanyi mai daɗi kamar hunturun Jos ba tare da ƙura ba, dutsen yakan ɗauki zafi da zarar rana ta take. Wanda ya san hanyar Jos zai ji kamar yana gida, domin duwatsun wurin sun hau kan juna kamar na Riyom, kuma a kansu ne sarakunan gidan Kutub Shahi, waɗanda suka yi mulki daga 1518 zuwa 1687, suka gina birninsu na farko. A ƙofar shiga jagoran ya tsayar da mu ƙarƙashin wata ƙubba ya tafa hannu sau ɗaya, muka ji amon yana karkarwa a saman kanmu, ya ce wannan tafin ana jin sa a can ƙololuwar dutsen, tazarar kusan kilomita guda, kuma da shi masu gadi suke sanar da fada cewa baƙo ya iso ko abokin gaba ya tunkaro. Ni da mai ɗakina muka hau matakala fiye da 300, muka tsaya a sama muka saurara, muka kuwa ji tafin mutanen da ke ƙasa rangaɗau. Baba bai hau ba. Jagoran ya samo masa inuwa a ƙasa, ya zauna tare da shi yana nuna masa ragowar bututun laka da aka riƙa tura ruwa da su zuwa saman dutsen, yana ba shi labarin kasuwar lu'ulu'un da ta sa sunan Golkonda ya zagaye duniya, da yadda Sarki Aurangzeb na daular Mugal ya yi wata 8 yana kewaye da ganuwar a 1687 bai iya fasa ta ba, sai da wani na ciki ya buɗe masa ƙofa. Da muka sauko Baba ya ce mini, "Ka ji ko? Ko a nan ma da ɗan gari akan ci gari."

Hubbaren sarakunan yana nan kusa, fili ne shimfiɗaɗɗe mai manyan ƙubbobi da itatuwa, wanda gidauniyar Aga Khan ta fara gyarawa tun 2013. A nan Baba ya fi sakewa, domin babu hawa, kuma yana iya karanta ayoyin da aka sassaƙa a jikin baƙin dutsen kaburburan da kansa. Jadawalin Abuja minti 30 ya ba wurin, mu kuwa sai da muka yi awa 2.

Sai ranar Juma'a, wadda ita ce babban kuskuren kamfanin. A ofis an ce mini akwai jagora, ban kuma tambaya na kwana nawa ba, ashe a can ƙasan takardar an rubuta da ƙananan haruffa cewa na kwana 3 ne, kuma Juma'a ba ta ciki. Da safe direba ya bi jadawali ya kai mu gidan tarihi na Salar Jung, muka tarar da ƙofa a garƙame. Muka ce to mu wuce fadar Chowmahalla, wadda ita ce ta biyu a takardar, mai gadi ya ce ita ma yau ba a buɗewa. Wuraren nan biyu duk ranar Juma'a suke hutu, abin da kowane mai tura keke a garin ya sani, kuma kamfanin da Musulmi suke tafiyarwa, wanda ya tsara wa Musulmi tafiya, bai ware ko awa ɗaya don sallar Juma'a ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Baba ne ya ce mu bar maganar, tun da Allah ya kawo mu da wuri mu wuce masallaci. Makka Masjid yana dab da Charminar, wato ginin nan mai hasumiya 4 da Sarki Muhammad Kuli Kutub Shah ya gina a 1591 lokacin da ya kafa birnin. An aza harsashin masallacin a farkon ƙarni na 17, bai kammalu ba sai bayan shekara fiye da 70, a zamanin Aurangzeb, kuma ana cewa an kwaɓa wasu tubalansa da ƙasar da aka kawo daga Makka, shi ya sa ake kiran sa haka. Da yake mun yi sammako mun sami sahu na gaba-gaba, a ƙarƙashin ginshiƙan dutse masu sanyi, muka ga yadda harabar da ke ɗaukar mutum kimanin 10,000 ta riƙa cika har tattabarun da ke kiwo a cikinta suka rasa wurin sauka. An yi wa'azi da Urdu, Baba yana tsintar kalmomin Larabcin da ke ciki, sannan aka yi huɗuba da Larabci. Bayan sallama wani dattijo da ke gefensa ya riƙe hannunsa ya tambaye shi daga ina, da ya ji Najeriya sai ya rungume shi. Baba ya daɗe bai yi magana ba bayan mun fito.

Wannan alherin daga Allah ne, ba daga kamfani ba, kuma akwai ɓangaren da bai yi daɗi ba. Mai ɗakina a mota ta zauna duk tsawon lokacin, domin a yawancin masallatan can ba a saba ganin mata a jam'i ba, kuma babu wanda ya gaya mana tun daga gida balle mu shirya mata wurin jira. Haka kuma babu wanda ya sanar da mu cewa mafi yawan Musulmin garin mazhabar Hanafiyya suke bi, suna jinkirta La'asar fiye da yadda muka saba, abin da ya sa a kwanakin farko muka riƙa isa masallaci muna tarar da shi fayau. Daga wannan rana na ɗauki jagoran na sauran kwanakin da kuɗin aljihuna.

Ranar Asabar muka koma wuraren biyu. Salar Jung tarin kayan mutum ɗaya ne a mafi yawansa, Mir Yusuf Ali Khan, wanda ya rasu a 1949, aka buɗe shi ga jama'a a 1951. Mutane sun fi yin cincirindo a gaban wani agogo da wani ɗan mutum-mutumi yake fitowa daga cikinsa ya buga ƙararrawa duk awa, amma mu a ɗakin Alƙur'anan da aka rubuta da hannu muka daɗe. A Chowmahalla, fadar Nizamai, sarakunan da suka mulki ƙasar Haidarabad daga 1724 har zuwa 1948, akwai zauren zaman fada mai fitilun ƙarau da ke reto daga rufi, da tsohuwar Rolls-Royce ruwan ɗorawa ta Nizam na bakwai, Mir Usman Ali Khan. A nan ma wata ƙaramar matsala ta ɓullo. Takardar Abuja ta ce an biya kuɗin shiga ko'ina, alhali an yi lissafin ne da farashin 'yan ƙasa, kuma a manyan wuraren tarihi na Indiya abin da baƙo yake biya yakan ninka na ɗan ƙasa sau 10 ko fiye. Kuɗin bai kai ya karya mutum ba, amma mutum 3 a wurare da yawa yana taruwa, kuma da tsabar rupi ake so, tun da hanyar biya ta waya da kowa yake amfani da ita a can tana wuyar samuwa ga baƙo.

Game da abinci, jadawalin kamfanin layi ɗaya ya rubuta kowace rana, wato cin rana a gidan abinci mai kyau, kuma direba ya fahimci hakan a matsayin wuraren da ake kai Turawa, inda ake rage yaji a ƙara farashi. Garin da UNESCO ta sa a jerin biranen da suka shahara da girki a 2019 ya fi ƙarfin layi ɗaya. Jagoran ne ya kai mu Shadab a tsohon gari, inda muka ci biriyanin da mai ɗakina take magana a kansa har yau. Wanda bai sani ba zai ce dafa-duka ce, amma hanyar ta bambanta tun daga tushe. Ɗanyen naman akuya ake jiƙawa a kindirmo da soyayyar albasa da citta da tafarnuwa da kayan ƙamshi, a shimfiɗa shi a gindin tukunya, a zuba shinkafar basmati da aka tafasa rabi a kansa, a like bakin murfin da kwaɓaɓɓiyar fulawa don kada tururi ya fita, sannan a bar shi a wuta kaɗan-kaɗan har nama da shinkafa su nuna tare. Gwanintar tana wajen auna lokaci, domin ba a buɗewa a duba. Da aka kawo mana, kowace ƙwayar shinkafa a ware take, wata fara wata ruwan ɗorawa, naman kuwa yana saɓulewa daga ƙashi da taɓawar yatsa. Mai ɗakina ta ɗanɗana miyar da ake haɗa shi da ita, wadda suke kira mirchi ka salan, ta yi shiru, sannan ta fara ƙirgawa da yatsu tana cewa, "Alhaji, gyaɗa ce, da riɗi, da tsamiya, da kwakwa, sai koren barkono. Babu abin da ba ni da shi a kicin." Jagoran ya tabbatar mata haka ne.

Irin wannan gane-gane ya yi ta faruwa da ita. A wani gidan abincin mutanen Telugu aka kawo mana nama a cikin wata miya mai tsami da suke kira gongura, tana kai loma ta ce yakuwa ce, kuma yakuwar ce kuwa. Da asuba ana sayar da paya, farfesun ƙafar akuya da ya kwana a wuta, ana ci da gurasa mai zafi. Akwai naman da ake gasawa a kan faffaɗan dutse da aka ɗora a garwashi, wanda ya fi kusa da balangu duk da laushinsa ya fi. Shayinsu da ake kira na Iran, wanda muka sha a Nimrah muna kallon Charminar, madara ce da aka daɗe ana tafasawa har ta yi kauri, a tsiyaya mata ruwan ganyen shayi mai ƙarfi, a haɗa da biskit ɗin Usmaniya mai ɗan zaƙi da ɗan gishiri, wanda ya ci sunan Nizam na bakwai. Masu ciwon suga su kula, domin da sukarinsa ake dafa shi, kuma sai jagoran ya roƙa kafin a yi wa Baba nasa dabam. Kayan zaƙinsu, irin burodin da ake soyawa da man shanu a jiƙa shi a madara, Baba da ido ya ci. Ni kuma na ɗanɗana wani abin gefen titi mai ruwan tsamiya ba tare da shawara ba, na kwana cikina yana murɗawa, don haka ruwan gora kawai nake ba da shawara, da abincin da aka sauke daga wuta a gaban mutum.

Takardar talla ta kamfanin ta yi alkawarin halim, abincin alkama da nama da wake da man shanu da ake tuƙawa awanni da yawa har ya zama kamar fate mai kauri, wanda gwamnatin Indiya ta yi wa rajistar asali da sunan garin a 2010. Abin da ba su sani ba shi ne abincin azumi ne, a watan Ramadan ake kafa murhunsa a bakin tituna, mu kuwa ba a azumi muka je ba. Maimakon haka jagoran ya kai mu Barkas da sassafe, unguwar jikokin Larabawan Hadramaut da suka yi wa Nizamai aikin soja, wadda sunanta da kalmarmu ta bariki tushensu ɗaya. A can muka ci harisa, wadda daga gare ta halim ya samo asali, a cikin mutane masu zanen ɗaurawa irin na Yaman. A hanyar dawowa ya bi da mu ta unguwar AC Guards, inda zuriyar mahayan dawakin Nizam 'yan asalin Afirka suke zaune har yau. Mun gaisa da wasu dattawa a ƙofar masallaci, fuskokinsu kamar na gida, harshensu Urdu. Babu ɗaya daga cikin unguwannin nan biyu a jadawalin Abuja.

Ramoji, babban filin shirya fina-finai da ke wajen gari, kamfanin ya ba shi yini guda domin sun san ƙaunar mutanenmu ga finafinan Indiya. Ga mai yara zai yi kyau, ga dattijo tafiya ce mai yawa a rana, kuma da na sani da na cire shi. Tafkin Husain Sagar ya isa a gan shi da yamma ɗaya. A kasuwar Laad, yamma da Charminar, mai ɗakina ta sayi awarwaro da turare a farashin da ta gamsu da shi bayan ciniki, haka ma a baje-kolin Numaish da ake yi a Nampally daga farkon Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yadda direba ya tsayar da mu sau biyu a wani kantin duwatsun wuya ba tare da mun nema ba, inda farashi ya ninka na kasuwa, kuma alamu suka nuna yana da kamasho a ciki.

Da'iratul Ma'arif, wadda dominta aka yi tafiyar, ba ta cikin jadawalin kwata-kwata, duk da na rubuta sunanta da hannuna a ofis. Da na tambaya aka ce ba su same ta a jerin wuraren yawon buɗe ido ba. Jagoran ne ya buga waya ya kai mu ranar Litinin, a cikin harabar Jami'ar Usmaniya, wadda aka kafa a 1918, a lokacin tana koyarwa da Urdu. Wuri ne mai natsuwa, ba masu ɗaukar hoto, ba mai sayar da tikiti, sai ƙamshin tsohuwar takarda da wasu malamai da suka sunkuya a kan tebura. Baba ya gaishe su da Larabci, ya gaya musu abin da ya karantar daga bugunsu da shekarun da ya yi yana karantarwa, suka ba shi kujera, aka kawo shayi, hira ta ɓarke a kan ruwayoyi da bambancin kwafe-kwafe wadda ni ban iya bi ba. Na ga ya ɗora tafin hannunsa a kan wani mujalladi ya bar shi a wurin, leɓunansa suna motsi. Da za mu fito ya ce wa mai ɗakina, "'Yata, ke kin sami tukunyarki, ni ma na sami tawa." Ya fito da littattafai biyu a rungume, bai yarda na karɓa masa ba har mota.

Bayan mun dawo na koma Wuse 2 da jadawalin a hannu, na yi wa duk wurin da aka samu tangarɗa alama da jan biro. Manajan ya saurare ni har ƙarshe, ya amince cewa babu ko mutum ɗaya a ofishin da ya taɓa taka Haidarabad, kuma jadawalin daga abokan hulɗarsu aka turo suka sa masa tambarinsu. Sun mayar mini da bambancin kuɗin masauki da na tikitin shiga cikin mako guda, amma kuɗin jagora na ƙarin kwanaki sun ce yana kaina tun da an rubuta a takarda, kuma ban ja ba. Wanda yake neman biza da tikiti da tarba a filin jirgi ba tare da ciwon kai ba, zan iya tura shi wajensu da zuciya ɗaya. Wanda kuma zai ba su tsara kwanakinsa, ya zauna da su ya tambayi unguwar da masaukin yake da nisanta da Charminar, da adadin kwanakin jagora, da abin da aka sa ranar Juma'a, da farashin da aka yi lissafin tikiti da shi, ya kuma nemi a haɗa shi da jagoran ta waya tun yana Abuja. Kafin in tashi ma'aikaciyar nan ta farko ta karɓi takardar tawa, ta buɗe kwamfuta, ta mayar da Salar Jung da Chowmahalla ranar Asabar, ta rubuta Makka Masjid a gurbin Juma'a, sannan ta ce in rubuta mata sunan wurin littattafan Baba harafi-harafi.